Cunkoson Hanya: Shin Layin Biya Zai Yi Magani a Hubbare?

Gabatarwa

Cunkoson ababen hawa, wanda jama'a suka fi sani da gosulo, ya daɗe da zama ruwan dare a manyan biranen ƙasar nan. A da Legas kaɗai ake yi wa kirari da shi, amma yau Kano da Kaduna da Abuja duk sun san ɗacinsa, kuma birnin Sakkwato ma bai tsira ba. Duk wanda ya taɓa bin unguwar Hubbare ranar Juma'a bayan an sallame, ko ranar da manyan baƙi suka zo ziyara, ya san yadda mota da babur da keke mai ƙafa uku da masu tafiya a ƙasa ke cakuɗewa a kan 'yar siririyar hanya, har ta kai mai ƙafa ya riga mai mota isa inda za shi.

Daga cikin magungunan da masana suka fito da su a ƙasashen waje akwai abin da za a iya kira layin biya, wato wani sashe na babbar hanya da ake keɓewa ga duk direban da ya yarda ya biya kuɗi domin ya wuce da sauri. Tun da gwamnatin tarayya ta koma karɓar kuɗin hanya a 2025, wajibi ne ɗalibai da malamansu su fahimci wannan dabara tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar garinsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, dabarar tana da tushe mai ƙarfi a kimiyyance, kuma tana da wurin da ta dace da shi, amma kwaryar birni irin ta Hubbare magani dabam take bukata.

Yadda Cunkoso Ke Samuwa

Da farko dai, ya kamata a san cewa kowace hanya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Injiniyoyi sun auna sun gano cewa layi guda na babbar hanya mai kyau, wadda babu mahaɗa ko ramuka a kanta, kan wuce da motoci kimanin 2,000 a cikin awa guda. Muddin yawan motocin bai kai wannan iyaka ba, kowa zai yi tafiyarsa lami lafiya. Da zarar an haura ta, sai tazarar da ke tsakanin mota da mota ta ragu, kowane direba ya riƙa taka birki saboda na gabansa, gudu ya faɗi warwas. Abin mamaki a nan shi ne, hanyar da ta cushe ba ta wuce da motoci da yawa kamar hanyar da ke gudana. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar hanyar, a lokacin ne take yin aiki mafi ƙaranci.

A shekarar 2008 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Sun jera motoci 22 a kan wata zagayayyiyar hanya mai tsawon mita 230, suka umarci direbobin da su yi ta zagayawa a kan gudun kilomita 30 a awa. Babu mahaɗa, babu shinge, babu wanda motarsa ta lalace. Duk da haka, ba a jima ba sai ga cunkoso ya ɓulla da kansa. Direba guda ya ɗan sassauta, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na bayan wancan ya ƙara, har wasu motocin suka tsaya cik. Wannan gwaji ya tabbatar da cewa yawan motoci kaɗai ya isa ya haifar da gosulo, ko da kuwa babu direban da ya yi laifi.

Akwai kuma wani lissafi da direba ba ya yi. Idan mutum ya shigo da motarsa cikin hanyar da ta kusa cika, jinkirin da shi kansa zai sha kawai yake gani. To amma a ɗauka shigowarsa ta jinkirta motoci 200 da ke bayansa da daƙiƙa 3 kowace. Jimlar wannan daƙiƙa 600 ce, wato minti 10 na lokacin jama'a, kuma babu wanda zai tambaye shi diyya. Masanin halittu ɗan Amurka Garrett Hardin ya yi bayanin irin wannan matsala a 1968 da misalin makiyaya ta kowa da kowa. Kowane makiyayi yana ganin ribarsa ce ya ƙara saniya guda, domin nonon nasa ne, asarar ciyawar kuwa ta kowa ce. Haka za a yi ta ƙarawa har makiyayar ta zama fako. Titin birni ma makiyaya ce irin wannan.

Darasi Daga Tururuwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa tururuwa, waɗanda kan yi jerin gwano dubbai a kan siririyar hanya, ba a ganin sun yi gosulo? Masana sun bi diddigin wannan tambaya. A 2019 wata ƙungiyar masu bincike da ta haɗa da Audrey Dussutour ta birnin Toulouse a Faransa ta wallafa sakamakon gwaji a kan wata irin tururuwa 'yar asalin Ajantina. Sun haɗa gidan tururuwar da wurin abinci ta wata 'yar gada, suka riƙa canza faɗin gadar da yawan tururuwar. Sun tarar cewa tafiya ba ta tsaya ba ko da tururuwar ta rufe kashi 80 cikin 100 na gadar, alhali a wajen motoci da mutane tafiya kan fara lalacewa tun an rufe kimanin kashi 40.

Sirrin abin shi ne, idan gadar ta fara cika, tururuwar da ke baya ba ta kutsawa. Takan dakata har wuri ya samu. Ba ta ƙoƙarin wuce 'yar'uwarta, domin bukatarsu guda ce, wato abinci ya isa gida. Ɗan Adam kuwa kowa da inda ya nufa, kowa da gaggawarsa. Saboda haka abin da tururuwa ke yi da ɗabi'a, sai an yi wa mutum shi da doka, ko da tsari, ko da farashi. A nan ne masana tattalin arziki suka shigo.

Asalin Layin Biya

Biyan kuɗi kafin a wuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun saba biyan kuɗin hanya a ƙasashen da suke ratsawa, har yau kuma mai kwalekwale na karɓar kuɗin fito. Abin da ke sabo shi ne a yi amfani da kuɗin domin rage cunkoso. Wanda ya fi yin suna a kan wannan tunani shi ne William Vickrey na Jami'ar Columbia a Amurka, wanda ya fara kawo shawarar tun a shekarun 1950, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1996. Hujjarsa ita ce, hanyar da ta cushe ba kyauta ake binta ba. Ana biya da lokaci, da man fetur, da lafiya, sai dai babu wanda ke amfana da abin da aka biya. Idan aka sa kuɗi a lokutan da hanya ta fi cika, wasu za su sauya lokacin fita, wasu su shiga bas, wasu su haɗu a mota guda, sai hanyar ta koma ƙasa da iyakarta, ta ci gaba da gudana.

Ƙasar Singafo ce ta fara aiwatar da wannan a 1975, inda ta wajabta sayen lasisi ga motar da za ta shiga tsakiyar birni da safe, sannan ta mayar da tsarin na na'ura a 1998. Landan ta bi sahu a watan Fabrairu na 2003 da kuɗin shiga fam 5. Birnin Stockholm na ƙasar Swidin ya yi gwajin watanni bakwai a 2006, motocin da ke shiga tsakiyar birni suka ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, aka tabbatar da tsarin a 2007.

Shi kuwa layin biya, Amurkawa ne suka fito da shi. A watan Disamba na 1995 aka buɗe irinsa a kan babbar hanya mai lamba 91 a jihar Kalifoniya. An gina layuka biyu na zuwa, biyu na dawowa, masu tsawon kimanin kilomita 16, a tsakiyar tsohuwar hanyar, aka bar sauran layukan kyauta kamar yadda suke. Babu shinge, babu mai miƙa hannu ya karɓi kuɗi. Wata 'yar na'ura ce ake mannawa a gilashin mota, ita ke sanar da kwamfuta cewa motar ta wuce, a cire kuɗin daga asusun mai ita. Farashin yana hawa a lokacin da hanya ta fi cika, ya sauka idan ta yi sauƙi. A birnin San Diego ma, daga 1998, kwamfuta ce ke sauya farashin bayan kowane 'yan mintoci gwargwadon yawan motocin da ke kan layin. Manufar ita ce kada motocin layin su taɓa haura iyakar da aka ambata a baya.

Dole a yi wa dabarar adalci: tana aiki. An auna an ga cewa a lokacin tsananin cunkoso, layin biya guda kan wuce da motoci fiye da layin kyauta guda, domin shi yana gudana, wancan kuwa ya cushe. A wurare da dama ana barin bas ta bi layin kyauta, motar da ta ɗauki mutum uku ko fiye kuma a yi mata rangwame ko a yafe mata. Wanda ke sauri zuwa asibiti ko filin jirgi yana da zaɓi.

Inda Gizo Ke Saƙar

Amma fa akwai ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Na farko shi ne na adalci. Amurkawa da kansu sun laƙaba wa waɗannan layuka sunan motar alfarma ta Lexus, suna nufin hanyar masu hannu da shuni. A Nijeriya wannan ƙorafi ya fi nauyi. A watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓar kuɗi a kan hanyar Abuja zuwa Makurɗi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, inda aka sa wa ƙaramar mota naira 500 a shinge. Wannan hanya ce ta tafiya mai nisa. To a ƙaddara an sa irin wannan kuɗi a kan hanyar da ma'aikaci ke bi kullum, zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Zai biya naira 22,000, kusan kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Abin da mai hali ba zai ji a jikinsa ba, shi ne cefanen gidan wani.

Ƙorafi na biyu ya shafi yarjejeniya da kamfanoni. Kamfani mai zaman kansa ne ya gina layin hanya mai lamba 91, kuma a cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin da ya hana gwamnati faɗaɗa layukan kyauta da ke kusa, don kada ciniki ya ragu. Da jama'a suka fusata, sai da hukumar sufuri ta yankin ta saye layin a 2003 a kan dala miliyan 207.5 kafin ta samu 'yancin gyara hanyarta. Wanda cunkoso ke kawo wa riba ba zai so cunkoso ya ƙare ba.

Na uku shi ne amana. A ƙarshen 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗi da ke kan hanyoyin tarayya, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai zurarewar kuɗin da ake tarawa. A Legas, fara karɓar kuɗi a hanyar Lekki zuwa Epe a watan Disamba na 2011 ya gamu da zanga-zangar mazauna yankin. Jama'ar da ta biya ba ta ga aiki ba, da wuya ta sake biya da daɗin rai.

Wani zai ce, to me zai hana a faɗaɗa hanyoyi kawai, a huta da batun kuɗi? Wannan ma an gwada. A birnin Houston na Amurka an kammala faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, har ta kai layuka fiye da 20 a wasu wurare, amma cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo. Masana biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka, gwargwadon yadda aka ƙara manyan hanyoyi, gwargwadon yadda tafiye-tafiyen motoci ke ƙaruwa. Sabuwar hanya tana kiran sababbin motoci. Gadojin sama da aka gina a Sakkwato, irin ta Dandima da ta Rijiyar Ɗorawa, suna da amfani wajen raba motocin da ke haɗuwa a mahaɗa, amma gada ba ta rage yawan motoci. Takan miƙa su ne da sauri zuwa mahaɗa ta gaba.

Babbar Jijiya Da Ƙananan Jijiyoyi

Domin a gane dalilin da ya sa layin biya bai dace da Hubbare ba, yana da kyau ɗalibi ya tuna darasin zagayawar jini. Jini na fita daga zuciya ta babbar jijiya, mai faɗi da kauri, inda yake gudun santimita da dama a cikin daƙiƙa guda. Aikin wannan jijiya kai kaya ne daga wuri zuwa wuri, ba ta sauke komai a hanya. Daga nan jijiyar ta yi ta rassa har ta kai ga ƙananan jijiyoyi waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. A cikinsu jajayen ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, kuma gudun jinin bai kai milimita guda a daƙiƙa ba. Wannan jinkiri hikima ce, domin a nan ne jini ke sauke iskar oksijin da abinci, ya kwashi dattin da sassan jiki suka fitar. Da jini zai wuce ta nan da gudu, da jiki bai amfana da shi ba.

Hanyoyin gari ma haka suke. Hanyar Sakkwato zuwa Gusau, da ta Birnin Kebbi, da ta Illela, da hanyoyin zagaye na gabas da yammacin birnin, su ne manyan jijiyoyi. Gudu ake bukata a kansu. Lungunan Hubbare da Kanwuri da kewayen Masallacin Shehu kuwa ƙananan jijiyoyi ne. Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya, an shata waɗannan hanyoyi ne domin mai ƙafa da jaki da doki da raƙumi. Hubbare shi ne gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna, aka kuma yi masa makwanci a cikinsa da ya rasu a 1817, kuma a nan 'yarsa Nana Asma'u take, tare da wasu daga cikin Sarakunan Musulmi. Mutanen da ke zuwa daga sassan Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, nan ɗin suka nufo. Wuri ne na sauka da tsayawa da gaisawa da ciniki.

Layin biya yana bukatar hanya mai layuka da yawa, ta yadda za a keɓe ɗaya a bar saura kyauta. Yana bukatar tafiya mai nisa wadda babu mashiga barkatai, da motoci masu lamba da rajista da asusun da za a ciri kuɗi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kwaryar birni, inda kowace ƙofar gida mashiga ce, kuma akasarin masu zirga-zirga 'yan kabu-kabu ne da masu keke da masu ƙafa. Idan aka ce sai an samar da faɗin, to sai an rushe gidaje da zauruka masu tarihi, a ɓata abin da ya sa ake zuwa wurin tun farko. Bayan haka, sa wa mai ziyara ko mai zuwa masallaci kuɗin shiga abu ne da jama'a ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya.

Sai dai barin abin yadda yake shi ma yana da farashi, kuma da lafiya ake biyansa. Injin da ke aiki a tsaye yana fitar da hayaƙi mai ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari. Sinadarin himoglobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, shi ya sa wanda ya daɗe cikin gosulo kan ji ciwon kai da kasala. A 2012 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu. Wanda ke cikin mota mai sanyi, gilashi a rufe, shi ya fi kowa samun kariya. Mai talla da almajiri da tsohuwar da ke zaune a bakin hanya da yaron da tsayinsa bai wuce bakin salansa ba, su ke shaƙa. Ga kuma motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana da za ta maƙale a lokacin da minti guda ke raba rai da mutuwa.

Abin Da Ya Dace Da Hubbare

Darasin Vickrey yana nan daram: fili a kan titi abu ne mai tsada, bai kamata a bar shi ga wanda ya riga kamawa ba. Amma farashi ba shi kaɗai ne hanyar rabo ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da yawa sun kiyaye makiyayarsu da ruwansu da dazuzzukansu ta hanyar ƙa'idojin da suka amince da su a tsakaninsu. Unguwar da ke da masu unguwanni da limamai da fadar Sarkin Musulmi a kusa ba ta rasa waɗanda za su jagoranci irin wannan yarjejeniya ba. Ga matakai huɗu da suka cancanci a duba.

Na farko, a fara da motar da ke tsaye kafin a taɓa mai tafiya. Mota guda da aka ajiye tana cin fili kimanin murabba'in mita 12, wanda zai ishi masallata wajen 15 su yi sahu. Idan aka ajiye motoci a gefe biyu na siririyar hanya, an toshe rabin jijiyar ke nan. A tanadi filayen ajiye motoci a wajen tsohon gari, a hana ajiyewa a bakin hanyoyin da ke shiga Hubbare a ranakun taro. In ma za a karɓi kuɗi, to a nan ya dace a karɓa, daga mai motar da ya nace sai ya ajiye ta kusa, da rasit, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka tara da abin da aka yi da shi.

Na biyu, a ranar Juma'a da ranakun Sallah da na manyan taruka, a rufe hanyoyin da suka fi kusa ga motoci na 'yan sa'o'i, a bar masu ƙafa, tare da keɓe kekuna masu ƙafa uku da za su riƙa ɗauko tsofaffi da naƙasassu daga filin ajiye motoci. Birnin Durham na Ingila yana da irin wannan matsala, domin siririyar hanya guda ce ke kaiwa ga tsohuwar majami'arsa da fadarsa. A 2002 aka taƙaita shigar motoci ta hanyar sa musu fam 2 a wasu sa'o'i, aka kuma samar da ƙananan bas, sai motocin suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, masu ƙafa suka samu sarari. Abin koyi a nan shi ne fifita mai ƙafa a wurin tarihi. A Hubbare shinge da ma'aikaci sun isa su yi aikin da fam 2 ya yi a can.

Na uku, a raba hanyar shiga da ta fita. Alhazai sun ga amfanin wannan a Mina. Bayan turmutsitsin 2006 a wurin jifa, wanda ya ci rayuka fiye da 340, hukumomin Saudiyya sun sake gina gadar mai hawa-hawa, suka wajabta bin hannu ɗaya, suka kuma tsara wa kowace tawaga lokacinta. Jijiyoyin jiki ma haka suke, ta kai jini dabam, ta dawo da shi dabam.

Na huɗu, idan har za a keɓe layi a manyan titunan birnin, to a keɓe shi ga wanda ya ɗauki mutane da yawa da wanda ke ceton rai, wato bas da motar asibiti da ta kashe gobara. Legas ta fara irin wannan a 2008 da layin bas daga Mile 12 zuwa CMS. Bas mai ɗaukar mutum 18 ta fi cancantar fili a kan motoci 18 masu mutum ɗaiɗai.

Shi kuwa kuɗin hanya, wurinsa manyan jijiyoyi ne, irin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024. Idan aka zo sa kuɗi a kan irinta, jama'a na da haƙƙin neman sharuɗɗa uku: a bar wata hanya ta kyauta mai kyau ga wanda ba zai iya biya ba, a wallafa yarjejeniyar da aka yi da kamfani kowa ya karanta, sannan a riƙa bayyana kuɗin da ya shigo da gyaran da aka yi da shi.

Kammalawa

Duk waɗannan shawarwari ba za su tsayu ba sai da alƙaluma, kuma tattara su aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya. Abin da ake bukata agogo ne da littafi da fensir. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta, da izinin shugabanta da rakiyar malami, za ta iya zaɓar mahaɗa guda, ta tsaya a wuri mai aminci, ta ƙirga motoci da babura da kekuna da masu ƙafa da ke wucewa a kowane minti 15, ta kuma rubuta yawan mutanen da ke cikin kowace mota da yawan motocin da aka ajiye a gefe. A yi haka ranar Talata, a maimaita ranar Juma'a, a zana jadawali, a kwatanta. Daga nan za a ga sa'ar da hanyar ke haura iyakarta, da wanda ke cin fili mafi yawa, da wanda ke ɗaukar mutane mafi yawa. Malaman lissafi da na labarin ƙasa da na ilmin halittu duk suna da abin koyarwa a cikin wannan aiki guda.

Rahoton da ya fito daga irin wannan ƙidaya, idan aka miƙa shi ga ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ya fi dogon ƙorafi tasiri. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Motoci ƙaruwa suke yi kowace shekara, faɗin lungunan tsohon gari kuwa yana nan yadda magabata suka bar shi, don haka tun yanzu ya kamata a tsara yadda za a raba shi bisa adalci. Allah Ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace, Ya kuma ƙara wa ɗalibai basira, amin.